Kazar Inna a Lambun da Babu Ciyawa

'Yan uwa, kwana shida ke nan wani abu yana cin raina. Ina cikin wanke-wanke sai in tsinci kaina tsaye da kwano a hannu, ruwa yana ta zuba. Zan faɗa muku, amma bari in fara da labarin da ya tayar mini da shi. Ku yi haƙuri da rubutuna, ban yi nisa a karatu ba.

Akwai wata mata da 'yan unguwa suke kira Uwar Tsintsiya. Tana da ɗan fili a bayan ɗakinta, ita tana ce masa lambu, amma ko tsinken ciyawa babu. Da ta ga tsiro ya leƙo sai ta tuge shi. Safe da yamma tana shara, har ƙasar ta daskare, ta yi sumul kamar bayan faranti.

Amma tana da wani buri da ba ta faɗa wa kowa ba. Idan rana ta yi sanyi takan zauna a kan tabarma, ta lumshe ido, ta ga kanta tana ƙarama a gidan mahaifiyarta. Ga Inna tana watsa tsaba, ga kaji suna rugowa, ga ƙwai mai ɗumi a tafin hannu. Har ƙarar 'yan tsaki takan ji.

Bayan rasuwar Inna, yayanta ya zo da kaji uku a kwando. Biyu farare ne da ya saya a hanya. Ta ukun ƙarama ce, mai ɗigo-ɗigon baƙi da fari.

Ya ce, "Wannan Wake-Wake sunanta. Ita kaɗai ta rage a cikin kajin Inna. Ki riƙe ta da kyau, in ta tafi iri ya ƙare."

Ta yi musu akurki mai kyau. Ta sayo kwanon abinci da na ruwa masu ƙyalli. Kaza ta yi kashi, kafin ta juya an share, an wanke wurin.

Maƙwabcinta wani tsoho ne, Baba Kafinta. Shekara da shekaru suna 'yar tsama saboda garin katakonsa da iska ke kawowa ta kan katanga. Wata safiya ya leƙo ya ga kajin tsaye cirko-cirko.

Ya ce, "Maƙwabciya, baƙin naki jiran mota suke yi?"

Ta ce, "Hutawa suke yi."

"Kaza ba ta hutu, sai tono. Tunda babu ciyawa, bari in miƙo miki garin katako da busasshen ganye ki zuba musu."

Ta dafa ƙugu ta ce, "Baba, sharar da nake kora kullum ita zan karɓa da hannu biyu? Riƙe kayanka."

Ya ce to, ya koma kan aikin katakonsa.

Kwanaki suka wuce. Kajin su cinye abinci cikin ɗan lokaci, sai su rasa abin yi. Su karci ƙasa, ƙasa ta ƙi. Da farare biyun suka rasa abin caka, sai suka koma kan Wake-Wake. Suka fige mata gashin baya har jini ya fito.

Wata rana da hantsi Uwar Tsintsiya ta fito ta ga Wake-Wake kwance a cikin tokar murhun da ta manta ba ta kwashe ba. Ta kwanta a gefe ɗaya, tana shure-shure, ido a lumshe, toka na tashi a cikin hasken rana kamar hayaƙi.

Ta zaci ciwo ne ya kayar da ita. Ta sure ta, ta ga duk jikinta toka, sai ta ɗebo ruwa da sabulu ta yi mata wanka tas, kamar jaririya.

Kafin la'asar kazar ta takure a lungu tana rawar ɗari. Ta ƙi ci, ta ƙi sha. Matar ta durƙusa a gabanta tana hawaye, tana cewa, "Inna, ki yafe mini."

Sai ta miƙe ta je jikin katanga. Ta ƙwala masa kira.

"Baba, kana nan?"

Ya zagayo da tsumma da kwando cike da garin katako. Ya goge kazar, ya naɗe ta, ya ajiye ta inda sauran rana take. Da ya ji abin da ya faru sai ya girgiza kai.

Ya ce, "Ai wanka kika tarar tana yi. Toka ita ce sabulunta, da ita take korar ƙwarin jikinta. Kin fito da ita daga wanka kin saka ta a masifa."

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Wancan kayan da ka ce... yana nan?"

"Wanne? Sharar?"

"Baba, kar ka ƙara mini."

Washegari aka zuba buhu uku na garin katako da busasshen ganye a rabin lambun. Aka cika tsohon baho da yashi da toka. Baba ya rataye ganyen kabeji da igiya don su riƙa tsalle suna caka. Ya ce ta daina zuba tsaba a kwano, ta watsa cikin ganyen su nema da ƙafarsu.

Abu ɗaya ya fi ba ta wuya. Hannunta ya saba da shara. Sai ta miƙa wa Baba tsintsiyar ta kan katanga ta ce, "Ajiye mini, kar ka ba ni ko na roƙa."

Bayan kwana uku Wake-Wake ta miƙe. Fararen suka shagala da tono, suka manta da ita. Gashinta ya fara tsirowa. Da yamma matar takan zauna tana sauraren ƙarar ganye a ƙarƙashin ƙafafunsu, sai ta ji kamar yanzu Inna za ta fito daga ɗaki.

Ana nan sai jan zakaran Baba ya fara haurowa. Baba ya ce, "Surukinki ne ya zo gaisuwa, kar ki kore shi."

Bayan wata biyu, wata safiya ta ji wannan ƙarar da takan ji in ta lumshe ido. Amma idonta a buɗe yake. Wake-Wake ta fito daga cikin tarin ganye, 'yan tsaki bakwai suna biye da ita, huɗu masu ɗigo-ɗigo.

Darasi: Wanda kake so, ba shi abin da rayuwarsa take buƙata, ba abin da idonka yake son gani ba. Kuma kar ka raina shawara don ka raina mai ba da ita. Ku tura wa duk uwar da kuka san tsaronta ya yi yawa.

Yanzu ga abin da ke damuna. Autata ta gama makaranta shekara guda ke nan. Tana so ta koyi gyaran waya a wani shago cikin kasuwa, sai an hau mota biyu. Na hana. Na ce ga abinci, ga ɗaki, me ta rasa? Yanzu ita da yayarta a kan cokali ma faɗa suke yi. Ranar da aka ba ni labarin nan na kama hannun autar, na ga ta ciji farcenta har jini.

Jiya ta sake tambayata, a hankali, ba ta ko kalle ni ba. Na ce sai na yi tunani. Iyaye mata, tsoro nake ji. In bar ta ta je, ko in ƙara riƙe ta? Ku faɗa mini yadda zan yi.