Wuƙar Mai Yanka

An yi wani sarki a garinmu Birnin Gamji, ana ce masa Sarki Hamidu, mutum ne mai jinkirin hukunci, wanda ba ya yanke magana sai ya ji ta bakin Wazirinsa Zailani, wani tsoho siriri mai sanin shari'a da yawan shiru. Ni da nake ba da wannan hikaya ba malama ba ce, iyakacin karatuna na allo ne, sai ɗan abin da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci. Amma maigidana ya rasu bara, waɗanda suka halarci abin kuma yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, shi ya sa na ga gara in rubuta shi yadda na gani da idona.

Maigidan nawa, wanda mutane ke kira Malam Tanimu, shi ne mai yanka a mayankar gari. A al'adarmu mahauci ba ya yanka dabbarsa da kansa. Mutum ɗaya ake naɗawa, wanda aka yarda da addininsa da hankalinsa, shi ke fuskantar da dabba alƙibla, ya ambaci sunan Allah, ya yanka, sannan mahauta su feɗe. Shekara goma sha ɗaya, duk naman da aka saya a kasuwarmu ta hannunsa ya bi.

Sai 'yarmu ta fari ta rasu da zazzaɓi. Barci ya ƙaurace wa Malam, ya daina zuwa mayanka, daga baya ya fara magana da wanda ba ma gani, yana fita ba takalmi, yana cewa ana kiran sunansa daga cikin randa. Danginsa suka kai shi wurin wani mai magani wanda ya sa shi a mari wata biyu, bai ƙaru da komai ba sai gyambo a idon sawu. Yayana ne ya ɗauke shi ya kai shi asibiti a babban birni, inda likita ya ce ciwo ne kamar sauran ciwo, ya ɗora shi kan magani. Bayan shekara ɗaya da rabi ya dawo gida da hankalinsa, har ya yi ƙiba.

Da ya je neman aikinsa, Sarkin Fawa Barau, shugaban mahauta, ya ce masa yankan mahaukaci mushe ne, ba za a mayar masa da wuƙa ba. Maganar ta bi gari. Da layya ta zo Malam ya yanka ragonmu, na rarraba wa maƙwabta, kafin la'asar kwanuka suka dawo mini ɗaya bayan ɗaya, naman yana ciki a rufe. Ni ce washegari na ɗauki mayafina na tafi fada na kai kuka.

Sarki ya sa aka kira Malam da Sarkin Fawa, ya ji kowa, sannan ya dubi Waziri ya ce, "Waziri, idan na hana shi wuƙa alhali ya warke, na zalunci mutum ɗaya, idan na ba shi alhali bai warke ba, na ciyar da gari haram. Hankali kuwa ba a ganinsa a goshi. Da wace alama ake sanin ya dawo?"

Sarkin Fawa ya yi wuf ya ce, "Allah ya ja zamaninka, abu mai sauƙi ne. A sa masa ido kwana bakwai, ana rubuta duk abin da ya yi. Wallahi zai fallasa kansa."

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, shawarar Sarkin Fawa ta yi. A ba ni kwana bakwan."

Raina ya ɓaci da Waziri ranar. Kwana bakwai wani magatakarda yana zaune a ƙofar gidanmu da alƙalami, Malam ko tari ya yi sai in ce an rubuta.

Rana ta takwas fada ta cika. Waziri ya fito da takarda biyu ya ce, "Allah ya ba ka nasara, mutum biyu na sa aka bi, ɗaya wanda ake tuhuma, ɗaya wanda ba a tuhuma. Zan karanta ba suna, jama'a su faɗi wanda bai kamata ya riƙe wuƙa ba."

Ya karanta ta farko: mutumin nan ya yi sallolinsa a masallaci, ya tufka igiya, ya gyara katangar gidansa, ran Laraba kuma ya zauna shi kaɗai yana hawaye. Ya ɗauko ta biyu: mutumin nan an gan shi tsaye gaban wani sa yana zaginsa har uwa da uba.

"Kun ji ko!" in ji Sarkin Fawa, yana waiwayar mutane. "Ai na faɗa!"

Waziri ya ci gaba: ya fita daga gida ya komo sau uku yana taɓa kwaɗon ƙofa, ya yi dariya shi kaɗai a kan hanya, ya cire hularsa ya buga da ƙasa, ran Asabar kuma ya bi wata ungulu da gudu tsakar kasuwa, da wuƙa tsirara a hannunsa, yana rantsuwa sai ya ga bayanta.

Fadawa suka ce gaba ɗaya ai na biyun nan a ɗaure shi tun bai yi ɓarna ba. Waziri ya ce, "Sarkin Fawa, kai kaɗai ban ji ba. Ɗazu kai ne kan gaba, yanzu ka yi shiru."

Sarkin Fawa ya share gumi ya ce, "Ranka ya daɗe, ungulun nan fa hanta guda ta ɗauke mini daga kan tebur!"

Fada ta ɓarke da dariya, har Sarki sai da ya rufe baki da hannun riga. Sarkin Fawa ya shiga bayani, sa ɗin nan shi ya take masa ƙafa, hular nan kunama ya ji a ciki. Waziri ya ce, "Na yarda da kai, kowanne yana da dalili, ka kuma faɗa an karɓa. Da Malam Tanimu ne ya yi ɗaya daga cikinsu, wa zai tsaya jin dalilinsa?"

Sarki bai gamsu ba. Ya ce, "Waziri, ka nuna mini idon zargi yana iya mayar da mai lafiya mahaukaci. Amma wannan bawan Allah ya yi ciwon da gaske. Idan ya dawo fa?"

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, mun tambayi kowa, saura mai ciwon."

Malam ya gyara zama ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, ba zan rantse ba zai dawo ba, likita ma bai rantse mini ba. Ina shan maganina kullum, ina komawa ana duba ni. Abin da na sani shi ne ba ya zuwa kwatsam, barci ke fara tafiya. Wancan karon da na yi kwana uku ban runtsa ba, na ji kaina ba daidai ba, na naɗe wuƙata a ƙyalle na kai wa Sarkin Fawa, na ce a nemi wani, ina tsoron hakkin jama'a. Ban sake yanka ko kaza ba sai bayan na warke. Hawayen ran Laraba kuwa, 'yata na tuna."

Ni kaina ban san da maganar wuƙar nan ba sai ranar. Sarki ya ce, "Barau, haka aka yi?"

Sarkin Fawa ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka aka yi, ranka ya daɗe. A lokacin babu wanda ya ga komai a tare da shi. Har na ce masa ya je ya huta kwana biyu ya dawo."

Waziri ya ce, "To, Allah ya ba ka nasara, ga alamar da ka nema. Shari'a hankalin mutum take dubawa a lokacin da yake yanka, ba ta ce sai wanda bai taɓa ciwo ba. Wannan kuwa ya tsare wa gari namansa a ranar da babu mai tsaronsa sai Allah. Idan sakamakon wanda ya faɗi gaskiyar ciwonsa shi ne a raba shi da sana'arsa har abada, to mai yanka na gaba, ranar da ya ji kansa ba daidai ba, shiru zai yi ya ci gaba da yanka, mu kuma mu ci."

Sarki ya umarci Sarkin Fawa ya je gida ya ɗauko wuƙar, ya miƙa wa Malam ita da hannunsa a gaban jama'a. Ya ce duk ranar da Malam ya ji alamar ciwo ya ajiye ta, a riƙe masa matsayinsa har ya warke, kuma sa na farko da zai yanka gobe a kawo cinyarsa gidan sarki. Ya sa aka yafa wa Waziri alkyabba aka ba shi doki. Ni ma aka ba ni turmin zane, wai ladan wadda ta kawo ƙara.

Muna fita, ɗaya daga cikin fadawan da suka fi ɗaga murya wajen cewa a ɗaure mutum ya biyo mu har bakin zaure. Ya rage murya ya ce, "Malam, don Allah asibitin nan, ta ina ake bi? Ƙanena shekara huɗu ke nan yana kulle a ɗakin baya, muna ce wa mutane ya tafi ci-rani." Malam ya ce masa ya shirya, ran Litinin shi zai raka su.

Sarki ya ji labarin wannan daga baya, ya faɗi maganar da aka daɗe ana maimaitawa a garinmu: duk hukuncin da zai sa mai ciwo ya ɓoye ciwonsa ba adalci ba ne, ko da gari gaba ɗaya ya taru ya ce a yi shi.