Tabawa da Gujiyar Dodo Dubu da Ɗaya

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunne.

Ta zo mu ji ta, Iya!

To, ku bar mutsu-mutsu. Wani Dodo ne ya zauna a bakin hanyar kasuwa da buhun gujiya, ƙwaya dubu da ɗaya. Duk wanda ya zo wucewa sai ya ce, "Kasa mini ita kashi-kashi daidai, kada ko ɗaya ta saura. Gwaji uku gare ka. Ka gaza, in haɗiye ka."

Sai ga Jatau, mijin Tabawa mai gauta, sarkin cika baki. Ya ce, "Wannan ai wasan yara ne!" Ya kasa biyu, ɗaya ta saura. Ya kasa uku, biyu suka saura. Ya kasa biyar, ɗaya ta sake yin tsuru tana kallonsa. Sai Dodo ya yi masa loma ɗaya, ƙwat!

Labari ya iske Tabawa. Ta yi kuka, don tana son mijinta duk da surutunsa. Sai ta share hawaye, ta ɗaure zani, ta taho.

Dodo ya ce, "Ke ma kin kawo kanki? Gujiyata mara ce, ba cika ba. Mara kuwa ba ta rabuwa."

Tabawa ta ce, "Wa ya gaya maka? Shekara talatin ina kasa gauta. In na raba, ka amayo mini mijina."

Ya ce, "Na yarda."

Ta zauna ta miƙe ƙafa. Ta ce, "Biyu ta ƙi, to huɗu da shida su ma su yi gefe. Uku ta ƙi, biyar ta ƙi. Bakwai, zo nan." Sai ta share wuri bakwai, tana jefawa ɗai-ɗai, hannu kamar walƙiya. Kowane kashi ɗari da arba'in da uku, buhu wayam!

Dodo ya ce, "Sa'a ce! Sake!"

Ta ce, "Tara 'yar ɗakin uku ce, ba ruwana da ita." Sai ta kasa sha ɗaya. Kowanne casa'in da ɗaya, babu saura.

Dodo ya ƙara cewa, "Sake!"

Ta kasa sha uku. Saba'in da bakwai-bakwai, cif!

Kai, yara, ku zo ku ga kunya! Dodo ya wage baki, ya amayo Jatau jiƙe sharkaf, ya ruga daji ko buhun bai waiwaya ba. 'Yan kasuwa suka ɗauki guɗa.

Jatau ya karkaɗe riga ya ce, "Ai da ma bakwai zan gwada."

Tabawa ta ce, "Na sani, maigida. Ɗauko buhun mu tafi, ka yi wanka tukuna."

Ƙurunƙus, kan ɗan ƙusu ya faɗa tukunya. Ke mai gyangyaɗi, ji nan: abin da ya ƙi rabuwa biyu, kada ki ce ba ya rabuwa, ci gaba da gwadawa.