Tsallen Barewa na Ƙarshe

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun matso.

Gafiya dai malalaciya ce, ga ƙiba. Ranar da wuta ta kama daji, sai ta kasa gudu. Ƙawarta Barewa ta goya ta, ta tsallake wani kwazazzabo da babu wanda ya taɓa tsallakewa. Suna dira, ƙafar Barewa ta karye.

Gafiya ta ce, "Ƙawata, nauyina ne ya jawo miki."

Barewa ta ce, "Daina kuka. Yunwa nake ji, ciyawa kuma ta yi nisa."

Tun daga ranar, kullum Gafiya takan ruga neman ciyawa tana haki. In ta gaji, sai ta tuna tsallen nan, ta ƙara mai. Har ta zama gwanar gudu, amma Barewa ba ta sake miƙewa ba.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera, ta ƙare a nan.