Rakiyar Baƙin Oga

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

An yi wani mutumin ƙetare mai kamfanin takalman roba, ana ce masa Oga. Ya kulle 'yan ci-rani arba'in, ya ƙwace takardunsu, suna ta aiki ba fita. Ran nan ya tara su ya ce, "Gobe jami'in ƙwadago zai zo. Duk wanda ya ce shi ma'aikaci ne, ga shi ba takarda, sai gidan yari. Ku ce ku baƙina ne, ziyara kuka zo."

Tasalla, wata dattijuwa a cikinsu, 'yar garin Tawa, mai yankan roba, ta ga in ta faɗi gaskiya ɗauri, in ta yi ƙarya ɗauri.

Washegari jami'in ya tambaye ta, "Iya, aiki kike yi a nan?"

"Wane aiki, ranka ya daɗe? Baƙunta muka zo. Wata tara ke nan Oga yana hana mu tafiya, don tsabar son baƙi."

Oga ya washe baki. "Haka ne!"

Tasalla ta ce, "To Oga, mun gode da karamci, yau za mu koma gida. A ɗauko mana takardun da ka adana mana."

Oga ya ce, "To injin takalman fa, wa zai..."

Jami'in ya zaro biro. "Baƙin naka suna taɓa inji ne?"

"A'a! Ko kusa!"

Tasalla ta ce, "Kuma a al'adarmu, mai masauki ke ɗaukar kayan baƙo har tasha."

Haka Oga ya mayar musu da takardunsu, ya fito cikin rana da ƙunshin Tasalla a ka, mutum arba'in na biye. Ita kuwa tana cewa, "A hankali, ɗan nan, akwai tukunya a ciki."

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera.