Kashi na Goma Sha Uku

Lahadi ce, cikin watan Fabrairu na 2009. Sanyi da yayyafi tun asuba, rana ba ta fito ba.

Akwai wani mutum a garin Greensboro, can ƙasar waje, mai suna Zabeirou, ɗan Tahoua. Shekara bakwai yana lodin kujeru da gadaje a wani kamfanin kayan katako. Yana da mata, Aissa, da yara uku. Takardunsa na zama suna gaban alƙali, ba su fito ba. Lauya ya gargaɗe shi, ya ce ko fitilar hanya kada ya tsallake, don laifi ɗaya ya isa a saka shi a jirgi.

Waɗanda ba su ga shekarar nan ba, bari in gaya musu. Bankuna ne suka yi ta ba mutane gidaje bashi, har wanda albashinsa bai kai ba. Da biya ya gagara, darajar gidaje ta faɗi, bankunan suka bi ta. Gini ya tsaya cak. Wanda aka kora daga gida kuwa ba ya sayen gado. Cikin Nuwamban 2008 kamfanin su Zabeirou ya sallami mutum arba'in rana ɗaya, yana cikinsu.

Bai gaya wa kowa ba.

Kullum da safe zai saka takalmin aiki, ya karɓi kwanon abinci daga hannun Aissa, ya fita. Da farko yana bin kamfanoni yana cike takardu. Da man mota ya fara gagara, sai ya koma yin fakin a filin wani babban kanti a kan titin Wendover. Ya kashe mota, ya lulluɓa da bargo, ya zauna har ƙarfe huɗu, sannan ya koma gida yana cewa ya gaji.

A gida an rage wutar ɗumama ɗaki, yara suna kwana da rigar sanyi. Nama ya ɓace daga tukunya. Ya ce wa Aissa awoyi aka rage musu. Daga baya ya fara ganin madara da abincin gwangwani a kicin. Bai tambayi inda suka fito ba.

Mutanenmu suna da watanda a lokacin. Su goma sha uku ne, duk bayan wata biyu su haɗu su sayi sa a gonar wani Bature mai suna Malachy, can ƙauyen Pleasant Garden, su yanka su raba. Mai yankan shi ne Alhaji Tahirou, dattijo ɗan Maradi, mai ƙarancin magana. Aikinsa tattara kekunan sayayya a filin wani kanti.

Alhaji yana da doka biyu. Ta farko, ana kasa nama daidai, mutum ɗaya ya juya baya, a nuna kashi ya kira suna, don kada kowa ya zaɓa. Ta biyu, kafin a aje kashin farko, duk wata wuƙa sai ta shiga bokiti, a kai bokitin bayan rumfa. An taɓa tambayarsa dalili. Ya ce ya ga wani abu a wata mahauta a gida. Bai ƙara ba.

A wannan karon, na ranar Lahadin nan, Zabeirou ya ce ba ya ciki, firizarsa cike take. Amma ya zo, don babu mai fiɗa kamarsa. Wuƙarsa ma ta mahaifinsa ce, daga Tahoua ya taho da ita.

Aka kayar da sa, Alhaji ya yanka, Zabeirou ya feɗe. Ruwa ya ƙaru, rufin rumfar yana yoyo. An kwashe kayan ciki a bokitin wuƙaƙe an kai famfo. Laouali, wani direban babbar mota, sai duba agogo yake yi.

"Alhaji, a yi sauri don Allah. Ina da lodi ƙarfe biyu."

Hannun kowa ya sandare da sanyi. Alhaji ya ce, "A kasa." Shekara tara yana wannan aiki, ranar ce kaɗai ya manta da bokiti. Zabeirou yana tsugune a gefe yana gyara haƙarƙari, wuƙa a hannu.

Cikinsu akwai Ma'aruf, mutumin Kano, ma'aikacin wani kamfanin sayar da motoci. Mai sabuwar rigar fata ne, mai yawan baki. Kullum zancensa gidajen Irving Park, unguwar masu kuɗi, wai can zai koma nan da shekara biyu. Ya tsaya kan teburin yana nuna kashi da yatsa.

"Alhaji, ko sanyi ne ya taɓa mini ido? Sha uku nake gani."

"Idonka lafiya lau."

"Ai mu sha biyu ne yau."

"Na sani. Laouali, juya baya."

"A'a, tsaya tukuna. Na sha ukun na wane ne? Aljani muka ɗauka a ƙungiya?"

Wasu suka yi dariya. Alhaji ya ce, "Na mai fiɗa ne."

"Mai fiɗa kai da ƙafa yake ɗauka. Tun yaushe fiɗa ta koma cinya da tsoka?"

Zabeirou ya ɗago kai. "Ni ban ce a ba ni ba. Alhaji, a mayar musu da abinsu. Firizata cike take."

"Cike da me?" in ji Ma'aruf. "Gwangwanin coci?"



Zabeirou ya miƙe a hankali. "Mi ka ce?"

Alhaji ya ce, "Ma'aruf, ya isa."

"Bai isa ba, Alhaji. Litinin da ta wuce, ƙarfe tara na safe, da idona na ga Madam Aissa a layin cocin nan da suke rabon abinci. Da hijabinta, da jakarta, tana rawar sanyi. Shi kuma yana nan yana mana firiza. In sadaka ake so, a ce sadaka, mu bayar. Amma kada a yanki rabona a ɓoye."

A nan Zabeirou ya gane inda madarar take fitowa. Ya gane matarsa ta sani tun tuni. Kuma a gaban maza goma sha biyu ya gane.

Ya tsallake teburin da wuƙa a sama.

Alhaji ne ya fi kusa. Bai yi tunani ba, ya kai hannun dama ya cafke kaifin. Zabeirou ya fizga. Wuƙar ta ratsa tafin hannun dattijon har ƙashi, ta faɗi cikin laka. Jini ya yi tsartuwa a kan naman.

Zabeirou bai ma gani ba. Ya afka wa Ma'aruf, ya gwabza masa kai a hanci, suka zube tare. Teburin ya kife, kashi goma sha uku suka watse cikin taɓo. Hannunsa ya faɗa kan ƙashin ƙafar san, ya ɗaga ya maka wa Ma'aruf a baki. Ya sake makawa. Haƙora biyu suka fita. Ma'aruf ya kai masa yatsa a ido, ya gantsara masa cizo a kunne har ya tsage. Zabeirou ya jefar da ƙashin ya shaƙe shi da hannu biyu, ya danna kansa cikin jinin san da laka. Ƙafafun Ma'aruf suna shure-shure, idonsa ya firfito.

Laouali ya kama Zabeirou ta baya, ya sha gwiwar hannu a haƙarƙari ya durƙushe. Sai da maza huɗu suka taru sannan suka ɓamɓare yatsunsa daga wuyan Ma'aruf. Suka danne shi a ƙasa yana huci.

Can sai ga Malachy ya fito da bindiga, bakinta yana kallon ƙasa, karensa yana haushi. Ya dubi jini, ya dubi mutane.

"Wa zan kira? Asibiti ko 'yan sanda?"

Ma'aruf ya tofar da jini, ya laluba aljihu ya ciro waya. Murya da ƙyar take fita.

"Ni zan kira da kaina. Wallahi yau a ɗaure zai kwana. Sai an mayar da shi Tahoua ya je ya yi ta fiɗar awaki."

Babu wanda bai san abin da kiran nan yake nufi ba. Wuƙa, jini, shaidu. Za a ɗaure Zabeirou, daga kurkuku sai filin jirgi. Aissa da yara uku su zauna a ƙasar da ko masu takarda ba su da aiki. Zabeirou kansa ya daina motsi. Sai a lokacin ya ga hannun Alhaji. Ya kifa fuska a laka.

Alhaji ya naɗe hannun da rawaninsa, farin ya koma ja nan take. Ya tako ya tsuguna gaban Ma'aruf, ya sassauta murya.

"Kafin ka danna, amsa mini. Kai mai aiki, me kake yi a hanyar coci ƙarfe tara na safiyar Litinin?"

Ma'aruf ya kawar da kai. Alhaji ya ci gaba.

"Filin da nake tura kekuna, can Zabeirou yake wuni. Wata uku ina ganinsa, ban yi magana ba. Baƙar motarka kuma tana can ƙarshe, wajen tankunan shara. Sati uku ke nan. Na ga kana cin burodi ba shayi. Kai ma ban yi magana ba. Yanzu kira."

Ma'aruf ya dubi wayar. Sannan ya sake ta cikin laka, ya fashe da kuka irin na babban mutum, mai muni.

"An sallame ni," ya ce da ƙarfi, kowa ya ji. "Sati uku. Babu mai sayen mota. Gidan ma za su karɓe. Matata Bebi ba ta sani ba. Agogona na sayar na shiga watandan nan, don kada ku gane. Shi ya sa na ga an rage naman raina ya tashi."

Babu wanda ya yi dariya. Wani daga baya ya ce a hankali, "Ni ma tun Janairu." Wani ya sunkuyar da kai.

Alhaji ya juya wajen Malachy. "Asibiti za mu je da kanmu. Rigimar ta ƙare."

Baturen ya ce to, amma kada ya ƙara ganin ko ɗayansu a gonarsa. Haka watandan shekara tara ya mutu.

A asibiti Alhaji ya ce wuƙa ya kama ta wajen kaifi. Gaskiya ya faɗa, bai ƙara ba. Jijiyar yatsu uku ta tsinke. Aka ɗinke, amma ba su sake lanƙwasawa ba. Bai ƙara yanka ko kaza ba har ya bar duniya. Zabeirou ya durƙusa gaban gadonsa yana neman gafara. Alhaji ya ce, "Ni na manta bokiti. Tashi ka je ka gaya wa matarka gaskiya. Ka tafi da naman."

Kafin magariba ya isa gida, kunne a ɗinke, da ledar naman da aka wanke daga laka. Ya aje a kicin ya tsaya.

"Aissa, ba ni da aiki."

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun satin farko. Takalminka yana dawowa ba ƙurar katako."

"Mi ya hana ki faɗi?"

"Abin da ya hana ka."

Ta buɗe ledar, ta ɗora tukunya. Yara suka ci nama ranar, karon farko cikin wata biyu.

Washegari Litinin, Zabeirou bai saka takalmin aiki ba. Ya karɓi jakar da Aissa take zuwa layin coci da ita, ya ce ta ƙara masa ɗaya. Ya ja mota zuwa Wendover, ya wuce inda ya saba tsayawa, har can wajen tankunan shara. Baƙar motar tana nan.

Ma'aruf na ganinsa ya danna makullin ƙofa. Leɓensa a kumbure, wuyansa duk shatin yatsu. Zabeirou ya tsaya cikin sanyi, hannuwansa a buɗe, har gilashin ya sauka kaɗan.

"Me kuma kake so?"

"Aissa ta ce ƙarfe tara suke buɗewa. In ba ka je da wuri ba, madara ƙarewa take." Ya ɗaga jakunkunan. "Biyu na kawo."

Ma'aruf ya dubi jakunkunan, ya dube shi. Sannan ya buɗe ƙofar ya fito.

Darasi: Rashin aiki ba abin kunya ba ne, musamman a shekarar da ta kayar da bankuna. Ɓoye shi ne ya sa mayunwata biyu suka kusa kashe juna, dattijon da ya rufa musu asiri ya rasa amfanin hannunsa. In ka ga an rufa wa wani asiri, ka kama bakinka, don ba ka san wanda yake rufa naka ba. In kai ne cikin matsi, ka faɗa wa iyalinka tun fushi bai faɗa a madadinka ba. Ku tura wa 'yan'uwa. Wataƙila yanzu haka akwai wanda yake zaune cikin mota a wani fili, yana jiran ƙarfe huɗu.