Shanyar Hatsi a Kan Dutsen Tsamiya

Ku matso kusa, ga wata tatsuniya nan na kawo muku, kuma yau ku ne alƙalai.

Akwai wani ƙauye a gindin dutse, ana ce masa Dutsen Tsamiya. Ta arewacin dutsen wani marmaro ke ɓuɓɓugowa, ko da rani ba ya ƙafewa. Rema na zaune a kogunan wajen, zuma ta yi saƙa a tsagogi, jemagu na barin takin da ake kaiwa gona. Allah ne Ya tara su, kowa da rabonsa. Sai wani kamfanin fasa dutse ya zo da izinin hukuma, ya ce daidai kan marmaron nan dutse ya fi kyau. Aka huda ramuka, saura zuba nakiya.

A garin akwai wasu 'yan'uwa uku, uwa ɗaya uba ɗaya: Shekarau, Laure da Tanimu.

Shekarau, babbansu, shi ne mai zuba wa kamfanin nakiya, da aikin yake ciyar da iyalinsa. Ranar da aka ce ya cika ramukan, ya cire hular aikin ya ajiye a ƙasa. Ya ce wa shugaban aikin, "Ranka ya daɗe, da ruwan nan aka yi mini wankan haihuwa. Nemi wani hannun." Aka kore shi nan take. Ya sauko ya sanar da gari cewa za a kawo wani daga birni.

Laure ta ji, ta bi gida gida. Kafin baƙon ya iso, mata sun kwashe gero da dawa daga rumbuna sun shanya a kan falalen dutsen, sun rufe ramukan kaf. Shugaban ya daka tsawa a share. Laure ta gyara goyonta ta ce, "Bismillah. Wanda uwarsa ta koya masa taka abinci da takalmi, ya fara." Ma'aikatan nan, har da baƙon, suka sunkuyar da kai, ba wanda ya ɗaga ƙafa. Kullum haka, rana na dukanta, tsuntsaye na cin hatsinta, ba ta gusa ba.

Amma hadari ya fara haɗuwa, kuma ba a shanya da damina. Shugaban ya ce zai jira ruwan farko ya kore su. Ta kudu kuwa akwai dutse ƙwal, ba ruwa ba ciyawa, sai dai mota ba ta kai wa gare shi sai ta ratsa gonar Tanimu, ƙaraminsu, gadonsa ke nan duk duniya. Tanimu ya je wurin shugaban ya ce, "Ku bi ta gonata, ku bar arewa har abada. Kuma duk ramin da kuka gama, ku mayar masa da ƙasa ku dasa itace." Aka yi alkawari gaban mai gari. Manyan motoci suka niƙe gonar, ba ta sake fitar da ko kara ɗaya ba.

Marmaro ya tsira da duk abin da ke sha daga gare shi. Mai gari ya ce za a sa masa sunan mutum ɗaya, don jikoki su sani.

To, ku faɗa mini tsakaninku da Allah: Shekarau da ya rasa aikinsa, Laure da ta tsare dutsen da abincin 'ya'yanta, ko Tanimu da ya ba da gonarsa, sunan wa ya kamata ruwan nan ya ɗauka?