Kurege da Ƙaguwa Mai Gidan Aro

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta!

To ku matso kusa, mai gyangyaɗi kuma kada ya zo gobe yana tambayata yadda aka ƙare.

An yi wani Kurege, malalaci na ƙin ƙarawa, ga daɗin baki, ga cikin da bai san ƙoshi ba. Raminsa na gindin dangar wata tsohuwa, Gwaggo Tabawa. Ita tsohuwar nan ta taɓa zuwa fatauci bakin teku, ta dawo da wata 'yar ƙaguwa, irin wadda ba ta da ƙoƙon baya, sai dai ta sami tsohon gidan katantanwa ta shige. Shi ya sa ta raɗa mata suna 'Yar Aro. Ta zuba mata yashi mai laima a wani babban kasko, nan take zaune. Gwaggo ba ɗa ba jika, 'Yar Aro ce abokiyar hirarta.

Ran nan tafiyar kwana uku ta kama Gwaggo. Ta kira Kurege, ta miƙa masa ƙwarya cike da furen zoɓo da ganyen zogale da kwakwa har da ɓawonta.

Ta ce, "Ga cimar 'Yar Aro. In ta ƙare, ka je bakin rafi ka samo busasshen ganyen kuka. Amma ka kiyaye uku: mai farin ruwa, mai ɗaci, mai ƙamshi. Ko ɗaya ta ci, mutuwa za ta yi. In kuwa na dawo na tarar ba ta, wutsiyar nan taka da kake taƙama da ita, tsintsiyar murhuna ce."

Kurege ya shafa wutsiyarsa ya ce, "Haba Gwaggo! Ni da nake maƙwabcinki? Allah ya kiyaye hanya."

Ƙurar Gwaggo ba ta kwanta ba Kurege ya ce bari ya ɗanɗana kwakwar, kada a ba baƙuwa ruɓaɓɓiya. Ɗanɗano ya kira ɗanɗano. Kafin azahar ƙwarya ta koma fes, kamar an wanke.

Gari ya waye, ga rafi da nisa, ga tumfafiya a ƙofar gida. Ya tsinko ganyenta, farin ruwa na ɗiga.

"'Yar gidan Gwaggo, ga zogalen birni, babban ganye!"

'Yar Aro ta leƙo da ido biyu ta ce, "Sannu da wahala. Amma a garinmu, wanda ya kawo shi ke fara sa baki."

Kurege ya ce, "Wannan ai mai sauƙi ne." Ya gatsa. Nan take leɓensa ya kumbura suntum, ya wuni yana magana da hanci. 'Yar Aro ta ce, "Na ƙoshi," ta koma ɗaki.

Rana ta biyu ya karyo reshen darbejiya.

"'Yar gidan Gwaggo, ga ganyen kuka, ɗan siriri na masu sarauta!"

"Sannu da wahala. Amma a garinmu, wanda ya kawo shi ke fara sa baki."

Ya tauna. Ɗaci ya hau masa har ƙeya, hawaye shar, amma ya washe haƙora ya ce, "Zuma ke nan!" 'Yar Aro ta ce, "To ƙara mana." Bai ƙara ba. Ta ce, "Na ƙoshi," ta koma ɗaki.

Rana ta uku ya tsinto sassaƙen itacen turare a rumfar masassaƙi.

"'Yar gidan Gwaggo, ga ɓawon kwakwa, har turare na sa miki!"

"Sannu da wahala. Amma a garinmu..."

"Na sani, na sani!" Ya gwagwiya. Atishawa ta sarƙe shi, ciki ya ɗau ƙugi, ya ruga bayan danga sau bakwai. Ku daina dariya, kuna cinye mini lokaci.

Ranar dawowar Gwaggo, da hantsi, Kurege ya leƙa kasko. Ga gidan katantanwa a kife. Ya ɗaga, ya girgiza, ya busa. Wayam! Ya rungume wutsiyarsa yana kuka, "Wayyo wutsiyata! Yunwa ta kashe 'Yar Aro, ta kashe ki!" Kun ji fa, ba baiwar Allah yake wa kuka ba.

Sai ga sallamar Gwaggo daga zaure. Kurege ya yi wuf ya faɗa kasko, ya binne kansa cikin yashi, ya cusa kan wutsiyarsa a gidan katantanwa.

Gwaggo ta durƙusa ta ce, "'Yar Aro, na dawo."

Gidan katantanwa ya motsa.

"Ikon Allah! Gashi kika yi?"

Kurege ya ƙanƙance murya daga ƙarƙashin yashi, "Daɗin zogale ne, Gwaggo."

"Muryarki kuma fa?"

"Sanyin zoɓo ne, Gwaggo."

Ashe 'Yar Aro tana raye. Rama ta yi har gidan ya yi mata yawa, ta zame ta shige yashi, ta tarar da wani tsohon guntun ɓawon kwakwa tana ta gwagwiya. Da ta ji muryar Gwaggo sai ta taso da murna za ta shiga ɗakinta, ta iske baƙo ya shige ba sallama. Ta buɗe ƙaton hannunta ta damƙe, ƙam!

Kurege ya yi tsalle sama, yashi ya watse, ƙaguwa na reto a wutsiyarsa. "Wayyo Gwaggo! Na tuba! Ce mata ta sake ni!"

'Yar Aro ba ta saki ba sai da ya lissafa da bakinsa: tumfafiya, darbejiya, itacen turare. Gwaggo ta ɗauki 'yarta a tafin hannu, ta ga yadda ta rame, sai hawaye. Ta jawo wuƙa.

'Yar Aro ta ce, "Gwaggo, kada ki yanke. In kin yanke, ke za ki riƙa sunkuyawa shara, ga bayanki na ciwo. Bar masa abarsa a jikinsa."

Tun daga ranar, kullum safiya Kurege ke shiga murhun Gwaggo da baya da baya, yana share toka da wutsiyar da yake taƙama da ita. In ya gama ya tafi bakin rafi neman ganye, kuma shi ke fara sa baki. Shi ya sa har gobe wutsiyar kurege take da launin toka, kuma duk abin da ya tsinta sai ya riƙe da hannu biyu ya sansana tukuna.

To kun ji. Abin da bakinka ya ƙi, kada ka miƙa wa wanda aka ba ka amanarsa.

Ƙurunƙus kan kurege! Wanda ya ce ƙarya na yi, gobe shi zai share murhu.